Bitar Buhun PICS: Ajiyar Wake Ba Tare da Fiya-fiya Ba

Duk wanda ya taɓa sayen wake da kaka da niyyar ajiye shi zuwa bazara ya san cewa ƙwaro ya riga shi shiga buhun. Ƙwaron wake tun a gona yake fara aikinsa, inda macen take saka ƙwai a jikin kwanso kafin a roro, sannan idan an sussuka an zuba a buhu ta ci gaba da saka su a jikin ƙwayar kanta. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe takan huda ta shige cikin ƙwayar, ta zauna tana ci daga ciki ba tare da ido ya gan ta ba, kuma cikin kimanin wata guda a lokacin zafi sai ta fito a matsayin ƙwaro, ta bar rami a bayanta, ita ma ta soma saka nata ƙwan. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Nuwamba yakan koma huji da gari da ɗumi kafin zafin bazara ya kankama. Mafitar da ta fi yaɗuwa a tsakanin manoma da 'yan kasuwa ita ce magani, wato a yayyafa fiya-fiya a cuɗanya da waken kafin a ɗinke, ko a cusa ƙwayar da ake kira bom a tsakiyar buhu, kamar yadda a da ake zuba gamalin.

Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai hana iska shiga, an ƙirƙiro shi ne domin a daina wannan, kuma na yi kakanni ina ajiye waken gida da ɗan na sayarwa a cikinsa, daga baya na ƙara da masara. Hukuncina a kansa shi ne yana yin aikin da aka ce yana yi, amma bisa wasu sharuɗɗa waɗanda masu talla ba su cika tsayawa su bayyana ba, kuma darajarsa ba za ta fito sosai ba sai an auna shi da abin da ya zo ya maye gurbinsa.

Buhu uku ne a cikin ɗaya. Akwai ledoji biyu masu kauri, kowace kaurinta maikron 80 (maikron dubu ne milimita ɗaya), ana saka ɗaya a cikin ɗaya, sannan a saka su duka a cikin buhun roba saƙaƙƙe irin wanda aka saba zuba hatsi a ciki, wanda shi ne yake ɗaukar nauyi da gogayya. Ana samun mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Babu wani magani a jikinsa ko a cikinsa. Asalin dabarar ta fito ne daga binciken da masana na jami'ar Purdue ta jihar Indiana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, suka yi tare da cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2007 ne gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da Gana. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta taka rawa wajen kai shi ƙauyukan Najeriya, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, kuma ta yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa a Maraɗi, sannan kamfanin Lela Agro da ke Kano yana cikin waɗanda suka fara sarrafa shi a wannan yanki. Hanyar da aka bi wajen yaɗa shi ta dace da halin manomi, domin malaman gona sukan ɗaure buhunan a gaban jama'ar gari da kaka, sannan bayan watanni a sake tara mutane a kwance su a bainar kowa, kasancewar gani ya kori ji.

Yadda yake aiki abu ne mai sauƙin fahimta. Ƙwaro ma numfashi yake yi. Idan aka rufe shi a inda iska ba ta shiga, shi da tsutsotsinsa sukan cinye iskar oksijin da ke ciki, wadda a sarari take kashi 21 cikin ɗari, har ta ragu ƙwarai cikin kwanaki. Daga nan sai su daina ci, su daina hayayyafa, kuma da yake ruwan jikinsu daga narkar da abinci suke samun sa, sai su bushe su mutu. Amfanin leda ta biyu shi ne idan wani ƙwaro ya samu ya huda ta ciki, ta wajen tana nan a rufe.

Wajen zubawa ake cin nasara ko a yi asara, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Da farko sai an tabbatar waken ya bushe ƙayau, wanda idan an ciji ƙwayar za ta fashe da ƙara maimakon ta lotsa, kuma an sheƙe shi an tsince kara da tsakuwa da duk wani abu mai tsini da zai iya sukar leda daga ciki. Sannan a gwada kowace leda ita kaɗai, a buɗe bakinta ta cika da iska, a murɗe, a danna a ji ko tana sacewa. Idan an saka su a cikin juna, sai a zuba ɗan wake kaɗan a ƙasa don ledojin su zauna daidai a gindin buhun, a ci gaba da zubawa ana jijjigawa har ƙwayoyin su matsu, a bar sarari a sama wanda zai isa ɗauri. Ledar ciki ake fara matsewa a fitar da iskar da ta rage, a murɗe bakinta, a lanƙwaso shi, a ɗaure tamau da igiya ko da tsagin robar taya. Ta biyu ma haka, ita kaɗai, sannan buhun waje. Wanda ya haɗa bakunan uku ya ɗaure su a ɗauri ɗaya ya rage wa kansa kariya, kuma na lura cewa yawancin waɗanda suke cewa buhun ya ci amanarsu a nan matsalarsu take, ko kuma a wajen busarwa. Bayan ɗauri sai a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a inuwa, a ƙyale shi.

Abin da nake tararwa idan na kwance bayan watanni shi ne wake mai haskensa na ranar da aka zuba shi, babu gari a ƙasan leda, babu ɗumi idan an cusa hannu, sai matattun ƙwari 'yan kaɗan waɗanda sheƙa ɗaya take fitarwa. Ƙwayoyin da suka riga suka huje tun kafin a zuba suna nan yadda suke, domin buhun ba ya gyara ɓarnar da ta wuce, yana dai tsayar da ita a inda ya same ta. Wajen girki ban ji bambanci ba, ƙosai yana tashi, alale yana kamawa, kuma abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne babu wannan warin mai hawa kai da ake ji idan an jiƙa waken da aka yi wa magani. Wanda aka ware don iri ma yana tsirowa da kyau idan damina ta faɗi.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan buhu da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukar kayan ajiya shi ne tarihin magungunan da muke zubawa a abincinmu, da kuma tarihin ƙoƙarin da hukuma take yi na hana su. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya sunansa dichlorvos, ana kuma rubuta shi DDVP a jikin kwalba, kuma sunan kasuwar da aka fi sani da shi shi ne Sniper, ko da yake kamfanoni da yawa suna sayar da shi da wasu sunaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari sosai. Yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari a jiki wanda aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya bayan ya isar da abin da ya kawo, to idan an toshe shi sai jijiyoyi su yi ta aiki babu tsayawa. Haka yake kashe ƙwaro, kuma haka yake yi wa mutum idan ya shiga jikinsa da yawa: yawu ya dalalo, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa su biyo baya, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Ana shaƙar sa, yana kuma ratsa fata, saboda haka yaron da aka sa ya cuɗanya wake da shi da hannu a cikin rufaffen sito ya fi kowa shan wahalarsa tun kafin waken ya kai tukunyar kowa. An yi masa rajista ne don feshi bisa ƙa'ida, ba a taɓa amincewa a zuba shi kai tsaye a kan abincin da za a ci ba. Wanke wake da zubar da ruwan tafasar farko suna rage abin da ya maƙale, amma babu mai girkin da za ta iya sanin nawa aka zuba da kuma nawa ya rage.

Ƙwayar bom kuwa, wadda sinadarinta shi ne aluminium phosphide, haɗarinta na wani salo ne. Idan ta haɗu da danshin iska takan saki hayaƙi mai guba wanda yake ratsa hatsi ya kashe ƙwari, kuma an tanade ta ne don ƙwararru su yi amfani da ita a rumbun da aka toshe, nesa da wurin kwana. Idan aka cusa ta a buhun da aka jingine a ɗakin da iyali suke barci, ko a ɗakin da ke jikin nasu, hayaƙin ba ya tsayawa a cikin buhu, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya. Bugu da ƙari, tunda buhu saƙaƙƙe ba ya riƙe hayaƙin na tsawon lokacin da ake buƙata, wasu ƙwarin sukan tsira, jikokinsu su taso da juriya, sai mai kaya ya ƙara yawan ƙwayar a shekara mai zuwa.

Hukuma ba ta yi shiru a kan waɗannan abubuwa ba, kuma adalci ne a faɗi haka. An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a 1993, kuma rajistar magungunan ƙwari da na ciyawa tana cikin aikinta. A shekarar 2008, bayan da mutane fiye da ɗari suka kwanta asibiti a jihar Kuros Riba kuma yara biyu suka rasu sanadiyyar cin wake, sannan ɗalibai mata da yawa suka galabaita a wata makarantar sakandare a jihar Gombe bisa irin wannan dalili, hukumar ta haramta magungunan gona guda 30, ciki har da lindane, wato sinadarin gamalin. Shi gamalin matsalarsa ta wuce ta wanda ya ci, domin ba ya saurin narkewa a ƙasa ko a ruwa, yana taruwa a kitsen dabba da na mutum, kuma an daɗe ana zuba shi a rafuka don kama kifi, abin da yake kashe manya da ƙanana har da ƙwai. A 2009 aka saka shi cikin jerin yarjejeniyar Stockholm ta sinadarai masu daɗewa a muhalli, wadda Najeriya take ciki. Ita ma hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojinta a kan sinadarai masu haɗari.

Sai dai da gamalin ya ja baya, fiya-fiya ce ta cike gurbinsa, kuma daga waje aka fara tona mana asiri. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan da gwaje-gwaje suka nuna dichlorvos a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka amince da ita ita ce 0.01. Ma'ana, mafi munin samfurin ya ninka iyakar sau 460. An sake tsawaita wannan takunkumi fiye da sau ɗaya. Abin da ya fi damuna a labarin ba asarar kuɗin shiga ba ce, ko da yake Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar tana biye da ita. Abin da ya dame ni shi ne waken da aka tura Turai zaɓaɓɓe ne, an kuma auna shi a bakin iyaka an mayar da shi, amma wanda ya rage a gida, wanda ake auna wa matar aure da tiya kuma mai ƙosai take niƙawa kowace asuba, babu wanda ya auna shi.

A ƙarshen 2018 wani faifan bidiyo ya bazu yana nuna 'yan kasuwa suna cuɗa wake da Sniper, hukumar kare haƙƙin masu saye ta yi gargaɗi, sannan a 2019, lokacin da aka kuma samu yawaitar masu shan maganin don hallaka kansu, NAFDAC ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta hana sayar da shi a manyan kantuna da buɗaɗɗun kasuwanni, ta hana sarrafa ƙananan kwalabe masu cin mililita 100 ko ƙasa da haka, ta taƙaita cinikinsa ga dillalan kayan gona da aka amince da su. Daga baya ta sanar da janye wasu sinadaran a hankali, irin su paraquat da chlorpyrifos da atrazine. A ɓangaren Nijar da Cadi kuwa, rajistar magungunan ƙwari tana hannun kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen Sahel mai mazauni a Bamako, ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a yankin, amma iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ko Daura da Magarya ba ta tsayar da kwalba, kamar yadda ba ta tsayar da buhun wake.

Waɗannan matakai duka daidai ne, kuma ina goyon bayansu ba tare da wata inda-inda ba. Amma kasancewar hukumar tana ci gaba da maimaita gargaɗin kada a yi amfani da dichlorvos wajen adana abinci shekaru bayan dokar 2019 ya isa shaida cewa ɗabi'ar ba ta mutu ba, kuma ina ganin dalilin a bayyane yake. Mutumin da ya zuba jarinsa duka a buhunan wake yana kallon ƙwaro yana cinye su ba zai tsaya tunanin sanarwar da aka fitar a Abuja ba. Ba mugu ba ne a mafi yawan lokuta, mai tsoron asara ne wanda ba a nuna masa wata hanya ba, kuma sau da yawa daga wannan buhun iyalinsa ma suke ci. Idan an hana ƙaramar kwalba zai sayi babba su raba da abokansa, ko ya sayi wanda aka ɗura a robar ruwa babu suna babu lamba. Doka tana iya cire magani daga kanta, amma ba za ta cire shi daga cikin wake ba sai an ba mai waken abin da zai kare dukiyarsa da shi. A nan ne nake ganin buhun PICS ya yi wa lafiyar jama'a aikin da sanarwa ba ta iya yi ba, domin kowane buhu ɗaya da aka ɗaure yana nufin kilo 100 na abinci da ba a zuba masa komai ba, da kwalba ɗaya da ba a saya ba, wadda da an gama da ita za a jefar a bola ko a kwata, ko ma a wanke a zuba mai a ciki.

Duk da haka, yabon ba zai hana ni faɗin inda ya gaza ba. Na farko shi ne kuɗi. Ya fi buhun da aka saba tsada nesa ba kusa ba, kuma ana buƙatar sa ne da kaka, daidai lokacin da manomi yake biyan bashin taki da na 'yan ƙwadago. Gaskiya ne idan aka kula da shi yakan yi kaka uku ko kusa da haka, kuma bambancin farashin wake tsakanin kaka da bazara ya kan biya kuɗinsa har da riba a shekara ɗaya, amma wannan lissafi ne na mai ɗan sarari a aljihu. Kwalbar magani ɗaya tana isar buhuna da yawa, kuma muddin ta fi arha kuma ta fi kusa da hannu, za ta ci gaba da samun masu saye. Samun buhun ma ba ko'ina ba ne. A manyan garuruwa yana nan a shagunan kayan gona, amma a kasuwannin ƙauye na mako-mako, inda aka fi buƙatarsa, yakan yanke a tsakiyar kaka.

Sai jabu. Ana sayar da ledoji marasa kauri a cikin buhu mai rubutu ana cewa su ne, kuma an taɓa miƙo mini irinsu a wani shago da farashi mai rahusa, ledar tana miƙewa da an ja ta da yatsa biyu, ɗinkin gindinta kuma bai kama ba. Araha ba ta ado. Leda ta gaskiya tana da tauri a hannu, ba ta saurin miƙewa, kuma gwajin cika ta da iska a gaban mai shago kafin a biya kuɗi yana raba gardama. Illar jabun ta wuce asarar mutum ɗaya, domin wanda ya kwance ya tarar da gari zai gaya wa garinsu duka cewa buhun ƙarya ne, su koma ga kwalba da ƙarin tabbaci.

Ɓera da gafiya ma ba su san darajarsa ba. Rashin fitar ƙanshin hatsi yana rage musu sha'awa, amma idan sito ya cika da su za su huda, kuma huji ɗaya ya isa ya mayar da shi buhu kamar kowane buhu. Dole a riƙa dubawa, a share wurin, a toshe ramuka, idan an ga ƙaramin huji a liƙe shi nan take da salatif. Hatsi mai danshi kuwa bai kamata ya kusance shi ba, musamman masarar da aka girbe kafin ruwa ya ɗauke, domin rufe danshi a cikin leda yana jawo funfuna da tsami. Haka nan ba buhun ɗiba kullum ba ne. Duk buɗewa tana shigar da sabuwar iska, saboda haka abin da ya fi shi ne a ɗebi na wata guda a zuba a wani mazubi, a sake ɗaurewa da sauri, ko a raba abincin gida a masu cin kilo 50.

Akwai kuma matsalar da ta shafi al'adar kasuwa, wadda ina ganin ita ce ta fi hana manyan 'yan kasuwa rungumar sa. A kasuwa irin ta Dawanau, inda ake jibge dubban buhuna, mai saye ba ya yarda sai an soki buhu da ƙarfe an zubo masa samfuri a tafin hannu, kuma suka ɗaya ta kashe amfanin ledar. 'Yan dako suna jifa da buhu daga kan mota, suna jan sa a ƙasa, sannan ɗaure baki uku ga kowane buhu aiki ne mai cin lokaci da kuɗin leburori idan kayan sun kai tirela. Don haka buhun ya fi dacewa da manomi da magidanci da matsakaicin ɗan kasuwa da makarantar kwana da ke sayen abincin zango, waɗanda za su ajiye a wuri ɗaya su kwance a wuri ɗaya. Babban dillali yana buƙatar wani tsari na daban, ko dai rumbun ƙarfe mai rufuwa ruf, ko turaren hayaƙi a hannun ƙwararru masu lasisi, kuma wannan fanni ne da sa idon hukuma ya fi zama dole. Game da muhalli, ba zan ɓoye cewa leda leda ce ba, kuma garuruwanmu sun riga sun cika da ita, amma wannan mai kauri ce da ake maimaita amfani da ita, idan ta huje kuma takan koma shimfiɗar shanya ko rufin kaya, nauyinta a kan ƙasa bai kai na guba mai kashe kifi da ƙudan zuma ba.

Wani abu da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne wasu masu saye sun koma neman waken da ke da ɗan ƙwaro a ciki, suna ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa ba a yi masa magani ba. Tunanin yana da dalili, amma yana cutar da wanda ya yi abin da ya dace, domin waken da ya fito daga buhun PICS tsaf yake, kuma a ido ba shi da bambanci da wanda aka jiƙe da fiya-fiya. Mai gaskiya ya kashe kuɗi fiye da maƙwabcinsa, sannan a zarge shi tare da shi. Ni idan zan sayar nakan kwance buhun a gaban mai saye, ya ga ɗaurin, ya sunsuna da kansa, amma wannan dabara ce ta mutum ɗaya, ba tsari ba ce. Abin da nake fata daga hukumomi shi ne su ɗauki ajiya marar magani a matsayin wani ɓangare na aikin hana guba, su shigar da irin waɗannan buhuna cikin kayan tallafin da ake rabawa tare da taki da iri, su sa ma'auni a kan kaurin leda don a iya kama masu jabu, su riƙa ɗaukar samfurin wake daga manyan kasuwanni ana aunawa ana bayyana sakamakon a rediyo da Hausa, kuma su haɗa kai da shugabannin kasuwa a ware layi ko alama ga masu sayar da hatsin da ba a yi wa magani ba. Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyar 'yan hatsi sun fi kowane jami'i sanin siton da ake cuɗa magani a cikinsa.

Ga wanda ya yanke shawarar saye, lokacin neman buhun shi ne kafin a fara roro, tun bai yanke ba, kuma a shagon kayan gona da aka san mai shi. Ya kuma kula da inda zai sayi waken da zai zuba, domin buhun ba ya cire maganin da aka riga aka sa, kuma rufe waken da aka yayyafa wa fiya-fiya a cikin leda ba ya wanke shi. Mafi aminci shi ne sabon wake daga hannun manomi ko daga kasuwar ƙauye a makonnin farko na kaka, lokacin da bai daɗe ba balle a ji tsoron ƙwaro a yi masa magani. Idan aka cusa hannu a buhu aka ji wari mai kama da na kananzir, ko maiƙo a jikin ƙwayar, ko idanu suka fara yaji, to a bar wannan waken komai arharsa, a nemi wani.